Hular Malam Ɗantala

Duk wanda ya zauna a Funtuwa ya san Malam Ɗantala Ƙarfen Jirgi. Tsohon ɗan dako ne, kuma bakinsa ya fi ƙarfinsa aiki. A faɗarsa, ya taɓa ɗaukar buhun masara biyu a ka, ɗaya a hammata, yana tafe yana cin rake. Mu dai ba mu gani ba.

To, ran nan sai ga Ƙarfen Jirgi ya yi tuntuɓe da butar alwala. Buta fa! Ƙas, hannu ya karye. A asibiti aka yi hoto, likita ya ce ƙasusuwansa sun zaizaye daga ciki kamar katakon da gara ta ci. Aka ba shi ƙwaya ɗaya duk mako, da sharaɗi: a sha da sassafe kafin a ci komai, a kora da kofi cike da ruwa, sannan rabin awa ba ci, ba kwanciya.

Nan fa ake yin ta. Ɗantala in ya dawo daga masallaci, koko da ƙosai ne, sai kishingiɗa. Ga shi kuma ya ce wannan maganin tsofaffin mata ne.

Amma matarsa Tabawa ba ta wasa. Duk Asabar za ta tsaya a kansa da kofi.

"Malam, buɗe baki."

"Ke Tabawa, ni yaro ne?"

Sai ya karɓa, ya kai hannu baki kamar ya jefa, ya dafe hula, ya ɗaga kai ya kwankwaɗi ruwa. Ashe shafin cikin hular ya ɗan yage, nan yake cusa ƙwayar. Zubarwa kuwa ya ce almubazzaranci ne. Da ta juya baya, sai ya lallaɓa wurin mai ƙosai. Wata uku ana haka, bayansa na ta ranƙwafawa, shi ko yana cewa tawali'u ne.

A majalisa kuma ya hana kowa sakat. "Ni ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ƙashina yanzu ko guduma sai ta yi tunani."

Labari ya kai kunnen Sista Rifkatu, nas ɗin da ke kula da masu wannan ciwo. Ita kuwa ta gaji da mutanen da ke shan magani wata ɗaya su watsar. Ta ji daɗi ƙwarai, ta shirya taro a barandar asibiti, ta gayyaci Ɗantala ya zama abin koyi.

Ranar taro ya sha babbar riga, ya kafa hularsa. Mata tsofaffi sun cika benci, Tabawa na gaba-gaba tana ta washe baki. Aka miƙa masa abin magana.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah ku sha magani! Wasunku sai ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Abin kunya! Wa kuke cuta?"

Wata tsohuwa, Iya Kulu, ta sunkuyar da kai, don da ita ake.

Sista Rifkatu ta ce, "Baba, nuna musu yadda kake korawa da ruwa."

Ta miƙa masa kofi. To ga matsala: hannu ɗaya abin magana, hannu ɗaya kofi. Babu na dafe hula. Shi kuwa daɗin tafi ya ɗebe shi, ya manta sam.

"Ku duba da kyau. Haka maza ke yi."

Ya wurga kai baya. Hula ta yi tsalle, ta bugi siminti, tim! Shafi ya ƙarasa yagewa. Sai ga ƙwayoyi, tar-tar-tar, farare tas, suna gangarawa ƙarƙashin benci. Ɗaya har ta je ta tsaya a yatsan Iya Kulu.

Ruwa ya sarƙe Ɗantala.

"Wannan... ai guzuri ne. Ko da tafiya ta kama ni."

Tabawa ta taso daga benci. Ta durƙusa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Goma sha uku cif, Asabar goma sha uku. Wallahi na tausaya masa, don gara a mare ka da irin kallon da ta yi masa.

Sista Rifkatu ta ce, "Baba, ashe ko ɗaya ba ka sha ba?"

Kafin ya buɗe baki, Tabawa ta ɗauki hular, ta kakkaɓe, ta ajiye ta a kan tebur. Hula ta tsaya cak. Ta dubi hular, ta dubi mijinta da ya ranƙwafa kamar lauje.

"Sista, ki bar shi ya zauna. Ki ba hular abin magana. Ita ce ba ta taɓa tsallakewa ba, ga ta nan ta fi shi miƙewa."