Rairayin Taimama da Rairayin Bilma

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar barci? Don na san ba ki da wata gajiya sai ita."

"Ta bi lafiya, ango. Ya idon? Ya fara bambanta tuwo da miya, ko har yanzu lalube ake?"

"Yana gani sarai. Har ya ga abin da bai so gani ba."

Sa'adatu ta ajiye wa kakanta kwanon kunu, ta bi inda sandarsa ke nunawa. Tasar taimamarsa ce kife a tsakar gida, rairayin cikinta an watsar da shi can gindin bango. Ba sai an gaya mata wanda ya yi aika-aikar ba.

Tsoho Alkasum baduku ne a tsohon garin Agadas. Tun da aka yi masa aikin yanar ido lokotoro ya hana ruwa taɓa fuskarsa, sai ya sa aka ɗebo masa rairayi mai laushi daga busasshen rafin Telwa, ya zuba a tasa yana taimama. Bilma kuwa farar kyanwa ce, ta marigayiya Aissa matarsa, kakar Sa'adatu. Wani ɗan kabu-kabu mara kan gado ya taka mata ƙafa, likitan dabbobi ya ɗaure, ya ce a kulle ta a ɗaki sai ƙashi ya kama. Kyanwar da duk faɗin unguwa banɗakinta ne, yau an ce ta koma yi a daro. Sa'adatu ta aika Yamai aka sayo mata rairayin kyanwa na musamman, a buhu mai hoto. Amma Bilma ta ce ba ta san zance ba, tasar tsoho take so.

"Na miƙa hannu da asuba zan buga ƙasa," in ji Alkasum, "sai na ji an riga ni. Allah ya so ni hancina bai tsufa ba."

"To ai ta binne. Ko ba komai tana da kunya."

"Ta fi ki, wannan ban musa ba. Amma Abdu direba zai juya garin Timia da kamyonsa bayan la'asar. Na gaya masa yana da fasinja. Can cikin lambuna ta yi ta binne-binne, har lemu ya gode mata."

Wannan karon Sa'adatu ba ta ji wasa a muryarsa ba. Kyanwar nan ita kaɗai ce abu mai rai da kakarta ta bari a hannunta, kuma gurguwar kyanwa a lambun da ba ta sani ba, ai abincin dila ce. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Sai dai jika ba ta roƙon kaka da kuka, da baki ake ƙwatar abu a wurinsa. Ta jawo tabarma ta zauna.

"Kai dai kishi kake. Ka ga na fi kula da ita a kanka."

"Ina kishin ya ke? Mijin da matarsa ta sayi rairayi a Agadas, ai ba kishi zai yi ba, ƙaura zai yi. Ki fita ƙofa rairayi, ki buɗe baki rairayi, ki ci tuwo rairayi. Ke kuma kika biya mota ta ɗauko miki shi tun daga Yamai. Gobe sai ki aika da gishiri Bilma ta gaske, garin da ake haƙarsa."

"Ba irin naku ba ne. Litiyar ake ce masa."

"Liti wa? Ɗan gidan wa?"

"Litiyar. In ya ji ruwa dunƙulewa yake, sai ka ɗauke dunƙulen kawai."

Tsohon ya karkato da kai, idon da ba a naɗe shi da pansama ba ya buɗe sosai. Baduku ne, duk abin da aka ce yana da dabara sai ya taɓa shi da hannu.

"Dunƙulewa? Shi kaɗai? Kawo in gani."

Ta ɗebo masa sabo daga buhu a tafin hannu. Ya murza, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wanga ai turare ne. An yi wa banɗaki lalle ke nan. Zuba ruwa mu gani." Ta ɗiga ruwan kofi a kai, abin ya haɗe kamar dawo. "Ikon Allah. To da mi ake ɗaukewa?"

"Da wani cokali mai huda-huda."

"Matsamin ƙosai dai. To sau nawa ake tsamewa?"

Sa'adatu ta gyara ɗankwali, wanda bai kwance ba.

"Bon, na duba a waya, portabul ta ce safe da yamma. In an ƙi, to kullum sau ɗaya. Sa'an nan a zubar da duka a wanke daron lokaci-lokaci."

"Ban tambayi portabul ba, ita ba jikata ce ba. Ke sau nawa kike yi?"

"Ina yi."

"Yaushe rabonki?"

"Ranar sunan ɗan Nafi."

"Yaron da ke shirin shiga makarantar lakkwal?"

"Haba tsoho, ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba."

"To ki je ki leƙa daron ki dawo. In kin dawo da ranki, mu ci gaba da magana."

Ta tafi tana gunaguni. Da ta buɗe ɗakin kuwa, gaskiya ɗaya ce, turaren Yamai ya daɗe da miƙa wuya. Bilma na can kan buhun gero, nesa da daron iyakar nisan da ɗaki ya bari, tana kallon Sa'adatu irin kallon da uwar miji ke yi wa miyar da ba gishiri. Sa'adatu ta toshe hanci da gefen gyale ta kwashe, ta fitar, ta ƙara sabo. Ta dawo tana wanke hannu da sabulu.

"Ya hanya?" in ji tsohon.

"Ba wani wari."

"Shi ya sa idonki ke hawaye. Ke kam a ce miki banɗaki ɗaya ne, ba a zuba ruwa, ba a sharewa, kin shiga?"

"To naka mi ke gare shi? Sukari ka zuba?"

"Tsabta, cikon addini." Ya laluba bayansa ya jawo wata tsohuwar rariya, bakinta ɗinke da jar fata, ɗinkin hannunsa. "Ta kakarki ce. Kowace salla sai na tankaɗe rairayina kafin in taɓa, ko tsinke ba na bari. Ran Juma'a in zubar, in sa a wanke tasar a shanya, a ɗebo sabo."

"Ashe kai ne mai otel. Ka share, ka gyara, ka shimfiɗa, sa'an nan ka ce baƙuwa ta yi laifi don ta sauka."

"Ban rataya allo ba."

"Kyanwa ba ta karatu, hanci take bi. To yanzu abin da nake son sani, tsabtar take bi ko rairayin Telwa? Don in tsabta ce, laifina ne. In kuwa rairayin ne, laifin Yamai ne."

"In na Yamai ne ma laifinki ne, ke kika aika." Ya shafa gemu. Abin ya shige shi, ba ya iya ɓoyewa. "Amma tambaya ce. Ni ma na kwana ina juya ta. Wataƙila turaren ne ke hawa mata kai. Mu gwada mana. Akwai sauran na Telwa a buhu bayan ƙofa, zuba a tasar, ai ta riga ta lalace. Ki kawo daronki ki jera su. A kawo mai shari'a."

"In ta zaɓi nawa fa?"

"In ta zaɓi naki, na sake ki, kin huta."

"In ta zaɓi naka?"

"Na sake ki, na huta."

Aka jera tasa da daro a inuwar bango. Sa'adatu ta ɗauko Bilma ta ajiye a tsakani, ta ja baya. Kaka da jika suka zuba ido kamar masu jiran ganin wata.

Bilma ta ɗingisa zuwa daron, ta shinshina, ta sa ƙafa ɗaya ta tona kaɗan. Sa'adatu ta ɗaga gira. Kyanwar ta juya zuwa tasar, ita ma ta shinshina. Tsohon ya gyara zama. Daga nan sai ta bar su duka biyun, ta miƙe kai tsaye zuwa tabarmar Alkasum, ta haye cinyarsa kamar kujerar gado, ta cusa kai cikin aljihun rigarsa.

"Kore ta," in ji shi, amma hannunsa bai motsa ba.

"Mi ke cikin aljihun?"

"Tasbaha."

"Tasbaha mai ƙamshin cuku?"

Bilma ta fito da kai, ɓallin busasshen cuku a bakinta. Sa'adatu ta dubi kyanwar, ta dubi ɗakin da ake kulle ta, ta dubi kakanta. Wani abu da ya kamata ta tambaya tun farko sai yanzu ya faɗo mata.

"Tsaya, ango. Ɗakin nan da sakata nake rufe shi ta waje kafin in tafi butik tsaron ciniki."

"Kin kyauta."

"Kyanwa mai ƙafa uku, ta yaya take zare sakata, ta tsallaka tsakar gida, ta shiga ɗakinka?"

"Kyanwa ai ba a rasa ta da aljanu."

"In ba ƙira, mi ya ci gawayi?"

"A bar kaza cikin gashinta."

"Ba zan bari ba, yau sai an fige. Aljanin nan yana da pansama a ido?"

A iya saninta, ba ta taɓa jifan tsohon da magana ta faɗi ƙasa bai cafe ba sai yau. Hannunsa ya sauka a bayan kyanwar yana shafawa, ita kuwa tana ta gurnani.

"Da kin fita gidan ke yin faɗi," ya ce. "Sai in je in buɗe mata, ta zo ta zauna nan. Jiya na bar ta ta kwana. Tun da kakarki ta tafi, duk wanda ya zo ƙofar nan sai ya yi sallama, ya tsaya daga waje, ya ce ya jiki, ya juya. Su biyu ne kawai ke faɗo mini ba sallama su zauna ba a ce su zauna ba. Ɗayar tana maƙabarta."

Sa'adatu ta sunkuyar da kai, tausayinsa ya cika ta. Ta gane cewa haushin asuba ne ya sa ya kira Abdu, kuma tun da rana ta fito yake neman wanda zai hana shi. Ta share ido da gyale kafin idonsa mai kyau ya kama ta.

"To daga gobe mu uku ne. Zan riƙa faɗo maka ba sallama."

"Ke kam yi sallamarki, in san lokacin ɓoye cukuna."

"Ashe duk ƙarar da ka kai ni, kai ne ɓarawon."

"Ni na buɗe ƙofa, ke kika rufe banɗaki. Kowa ya ɗauki kayansa." Ya miƙo mata rariyar. "Ungo. Ga tasar ma na bar wa Bilma, ni Abdu ya samo mini dutse mai tsabta in riƙa taimama da shi, in ga ta inda za ta tona. Ki ajiye daron da tasar duka a ƙofar ɗakina, har mu ga wanda take so, don shari'ar nan ba a yanke ta ba. Safe da yamma ki tsame, ran Juma'a ki wanke. Ina da ido ɗaya, a kanki zan ƙarar da shi."

Sa'adatu ta karɓi rariyar da hannu biyu. Gefen ya yi santsi a daidai inda babban yatsan kakarta ke zama.

"Wannan ne sadakin nawa? Rariya da aikin kwasar kashi?"

"Ya fi ƙarfinki ma. Wadda ta riga ki da shi ta zauna da ni har ƙarshe."

Sallamar Abdu ta taso daga zaure, yana tambaya ko a kawo kwali a sa fasinjar tun da wuri. Tsohon ya dubi kyanwar da ta riga ta yi barci a cinyarsa, ya fashe da dariya har pansamarsa na rawa.

"Je ki ce masa fasinja ta fasa. Ta sami aiki a gari, tana gadin wani tsoho."