Rasuwar Uwar Tsiwa, Jiniyar Motata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, kai a ɗage, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna fatan ganin wannan rana, rasuwar na'urar da ke gadin motata tana kuma tayar da ita daga nesa, wadda duk gidan hayarmu ya fi sani da Uwar Tsiwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a garejin mai haɗa wayoyin mota, da lafiyarta garau, ko ciwon kai ba ta yi ba. Filaya ce ajalinta.

Marigayiyar ta shigo hannuna ne a shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke masa, na dawo da shi wurina. A lokacin an riga an kwance mini madubin gefe da rana tsaka, an kuma dawo an sace batir, duk a tsakar gidan nan mai cike da mutane, kowa ya ce bai ga komai ba. Mai wayoyi ya wuni kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, kafin ya miƙo mini rimot. Ya nuna mini maɓallin kullewa da na tayarwa, sannan ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: "Anti, motarki mai giya ce. Duk inda za ki ajiye ta, ki bar ta a firi, ki ja birkin hannu. In aka bar ta a giya kika danna, tafiyarta za ta yi ba direba." Na riƙe wannan magana, ban taɓa saɓa ta ba.

Ina shaida cewa marigayiyar ba ta san ha'inci ba, kuma ba ta duba fuskar kowa. Mage ta hau bonet, za ta faɗa. Babbar mota ta wuce ta girgiza ƙasa, za ta faɗa. Mai gidan hayarmu, wanda ya mayar da jikin motata wurin jingina in yana waya, shi ma bai tsira ba: wiiyu, wiiyu, wiiyu, har sai ya matsa. Na san telan da ke sama ya ce ta sa masa hawan jini. Na san matar mai chemis ta ce gara a sace motar kowa ya huta. To amma tun da Uwar Tsiwa ta zo, ko takalmi ba a sake ɗauka a gidan nan ba, kuma cikin masu cin moriyar babu wanda ya taɓa cewa sannu.

Babban aikinta kuwa ba su san shi ba, don ba su taɓa tambaya ba. Duk ranar da zan kai Baba asibiti gashin ƙashi, daga ɗaki nake danna mata, ta tayar da injin, esi ya kama aiki. Kafin in gama ɓalla masa maɓallan riga in ɗora shi a keke, motar ta yi sanyi. Wanda bai taɓa ɗaga mahaifinsa ya sa shi cikin motar da ta wuni a rana ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Da yamma kuma in na dawo aiki na kulle motar, sai ta ce kwik-kwik. Da wannan Baba yake sanin na iso, daga kujerarsa ta bakin taga.

Wata rana na turo ƙofa, jaka a kafaɗa, Baba ya kalle ni, ya haɗa leɓɓansa da ƙyar, ya ce kwik-kwik. Wannan ne sautin farko da ya fito daga bakinsa tun da ya kwanta. Likitoci sun yi fama da shi ya ce ruwa, ya ce sunana, ya ƙi. Ashe muryar Uwar Tsiwa ya zaɓa. A nan bakin ƙofa na durƙusa na yi kuka har na gode Allah.

Game da abin da wasu ke kira haukanta na ƙarshe, ina so a ji gaskiya daga bakina. Ƙanena Auta, direban tifa, shi ya ari motar. Su direbobin manyan motoci ba su yarda da birkin hannu ba, a giya suke barin mota ko a kan tabarma suka faka. Haka ya yi, ya ajiye mini makulli a kan tebur, ya yi gaba bai gaya mini ya bar ta a giya ba. Washegari da safe ina sa wa Baba safa, na danna kamar kullum. Motar ta yi tsalle ta daki ƙafar tankin ruwan gida. Tanki ya kife, ruwa ya bi tsakar gida, ya kwashi shanyar matar mai chemis, ya shiga har falon mai gidan haya. Marigayiyar kuwa tana tsaye a kan aikinta, tana ta ihu tana kai rahoton abin da ya faru. An ce mata tashi, ta tashi. Ina laifinta a nan?

Auta ya rantse shi zai gyara tankin, kuma ya gyara. Amma mai gidan haya ya samu abin da yake nema. Ya tsaya da wando a naɗe ya ce, "Malama, ki zaɓa. Ko a cire abin nan, ko motar ta koma titi." Ya san sarai tsakanin ƙofarmu da titi akwai tsakuwa da kwata, keken Baba ba ya wucewa. Na ce a bar jiniyar a cire tayarwar, ya ce a'a. Na ce a rage mata murya, tela ya leƙo daga sama ya ce ai muryar ce matsalar. Don haka na kai ta gareji da hannuna, saboda Baba, kuma kada wani ya ɗauka na yarda tana da laifi. Ko a kan benci, da mai wayoyi ya taɓa ta, sai da ta yi masa kwik guda ɗaya.

Ta rasu ta bar rimot biyu marayu, da mota wadda yanzu ko dutse aka jefe ta da shi shiru za ta yi, da Auta wanda har yau ba ya iya haɗa ido da ni, da magen da ta gaje bonet. Ta kuma bar Baba. Ranar da na dawo babu ita, bai ji shigowata ba. Na same shi ya juya wa taga baya, abincinsa a rufe, ya ƙi kallona. Wallahi a ranar na tsani kowa a gidan nan. Da na rasa abin yi, sai na koma waje, na tsaya a ƙarƙashin taga, ni da girmana, na ce kwik-kwik. Can ciki aka amsa mini.

Shekaranjiya kuma da la'asar mai gidan haya ya zo ya jingina da motata, waya a kunne, hankali kwance. Bai kai ga gama gaisuwa ba sai ga shi daga tagarmu: wiiyu, wiiyu, wiiyu. Saura kaɗan wayar ta faɗi. Ya waiga, suka haɗa ido da Baba, dattijon da ya haife shi a shekaru. Sai ya matsa.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi, daga gindin sabon tanki. Auta ne zai ɗauki akwatin, wato kwalin takalmi, kuma a ƙafa zai zo, an hana shi makulli. Za a ajiye ta a durowar gefen gadon Baba, tare da rimot ɗinta. Ana karɓar gaisuwa a falo. Waɗanda suka yi murna ma suna iya zuwa, akwai kujeru, sai dai a kiyaye jikin mota wajen shigowa, domin magajinta yana bakin taga kuma ya kama aiki. Duk wanda ƙararsa ta dama, ya shigo da filayarsa ya nuna mini wayar da zai yanke.

Sanarwa daga mai motar, babbar 'yar Baba.