Yadda Za Ki Kulle Kanki a Gareji Tare da Lefen Yayanki

'Yar'uwa, idan kina da digiri, da ƙofar gareji irin mai naɗewa sama, da zuciyar da ba ta karɓar gyara, to kin zo inda ya dace. Ki bi matakan nan yadda na jera su, na ba ki tabbacin cikin wata bakwai unguwarku kaf za ta san sunanki. Ni Rabi'a na gwada a gidanmu da ke Wambai, ban tsallake ko ɗaya ba.

Mataki na 1: Ki raina mai sana'a a gaban mahaifinki

Wata safiya za ku ji ƙara daga gareji kamar an harba bindiga. Ɗaya daga cikin sifirin biyu ne ya tsinke, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jikin bututun sama, wanda ke sa ƙofa mai nauyin buhun masara biyu ta tashi da hannu ɗaya.

Baba zai kira Filibus mai walda, wanda ya haɗa ƙofar shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Zai hau benci ya leƙa, ya sauko yana karkaɗe hannu.

"Alhaji, guda ya tafi, na biyun ma tsatsa ta cinye shi. Tare aka sa su, tare suka tsufa. A canza duka biyun, kafin nan kuma kada kowa ya taɓa."

A nan za ki shigo. Ki gyara zaman gilashinki ki ce, "Oga Filibus, wanda bai karye ba laifin me ya yi? Ɗaure shi kawai za a ƙara. Baba, bar min aikin nan."

Baba zai washe baki ya ce, "Ka ji Uwata ko? Injiniya ce, shekara biyar ta yi tana karatun nan."

Kada ki tuna masa cewa lantarki kika karanta, kuma ba ki taɓa riƙe sifana da ta fi cokali girma ba. Filibus zai dube ki, ya dubi saman ƙofar, ya ce, "To Injiniya, Allah ya taimaka," ya buga babur ɗinsa. Ki ɗauki wannan a matsayin nasara.

Mataki na 2: Ki zama sifirin da kanki

Tunda kin ce za ki gyara, ba ki kuma san ta inda za ki fara ba, abin da ya rage shi ne kada kowa ya gane ƙofar ta yi nauyi. Kullum bayan sallar asuba ki riga kowa fita. Ki durƙusa, ki kama gindin ƙofar, ki ciji leɓe, ki ɗaga. In ta kai kafaɗa ki tokare ta da kai, ki jawo tsohuwar taɓaryar gidanku da ƙafa, ki kafa a ƙarƙashi. Sannan ki fito da mota, ki goge zufa, ki kama hanyar Abuja kamar wadda ta tashi daga barcin jin daɗi.

Wata bakwai na yi a haka. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi kanta, kayana duk warin man zafi. A ofis aka fara tambayata wane wurin motsa jiki nake zuwa. Ban taɓa yin kuka a gaban kowa ba. A go-sulo nake yi, tsakanin Zuba da Dei-Dei, inda kowa ke fama da nasa.

In Baba ya tambaya, "Uwata, ya maganar ƙofa?" ki ce kina jiran wasu lissafe-lissafe su kammala.

Mataki na 3: Ki fassara kowace alama yadda ta yi miki daɗi

Ƙofar za ta yi ta ba ki labari. Za ta riƙa kuka in tana tashi. Gefen hagu zai fi na dama sauka. Garin tsatsa zai dinga zubowa kan motar kamar an barbaɗa yaji, kuma in kin haska sama za ki ga zoben sifirin sun fara buɗe baki da juna.

Mai hankali zai ce ƙarfe guda ne ke aikin biyu, ya kusa gajiya. Ke ba haka aka koya miki ba. Ki shiga kicin ki ɗebo man gyaɗa ki shafa masa. Kukan zai ragu na kwana biyu, tururuwa kuma za ta samu wurin zama na dindindin.

Mataki na 4: Ki ba da shawarar inda za a ajiye lefe

Yaya Suhaibu ya shekara biyu yana haɗa lefensa, akwati shida. Da aka rasa inda za a ɓoye su daga idon masu shigowa gaisuwa, ni na ɗaga hannu na ce gareji. Ba shi da taga, kuma ƙofar da ke shiga cikin gida Baba ya toshe ta da bulo tun wata sata da aka yi mana. Hanya ɗaya ce, ni ce kuma mai buɗe ta.

Ki tabbata ranar kai kayan ba mai ɗaguwa ba ce. Tamu Lahadi ce. Gwaggo Asabe, yayar Baba, za ta jagoranci mata zuwa gidan amarya a Kwamba bayan azahar, a karɓi lefe, a sa rana. Washegari mahaifin amarya zai shiga sansanin alhazai, ya kuma faɗa da bakinsa cewa in ba a yi a ranar ba, sai bayan ya dawo.

Mataki na 5: Ki zaɓi wannan safiyar don yin gyaran

Dalili a fili yake. Ba za ki bari gwaggonni goma sha biyu su ga injiniya tana tokare ƙofa da taɓarya ba. Ki kalli bidiyo na minti huɗu a waya, ki samo guntun rodi, ki ɗaga ƙofar ki tokare, ki hau benci daga ciki. Ki zura rodin a ramin bututun ki fara murɗawa.

Murɗa ta farko za ki ji kin isa. Ta biyu za ki fara tsara abin da za ki gaya wa Filibus. Ta uku ban gama ta ba. Na ji iska ta wuce ta gefen kunnena, na ji gilashin mota ya tarwatse, taɓarya ta rabe biyu, ƙofa ta faɗo da ƙarar da aka ce an ji ta har bakin titi. Sai duhu. Ni, da mota, da akwati shida.

Mataki na 6: Ki riƙe mutuncinki ta bayan ƙarfe

Maza biyar za su taru su ɗaga, ba za ta motsa ba, domin ta goce daga hanyarta ta cije. Daga nan za ki ji takun Gwaggo da ƙarar awarwaronta.

"Ke 'yar boko! Kina da rai?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ƙaramar matsala ce ta fasaha."

"Fasahar gidanku! Na sha ɗauri tun ƙarfe goma, na sa turaren da nake ɓoyo tun bara. Ki fito min da akwatunan nan ko ta ƙarƙashin ƙasa ne."

Yaya Suhaibu bai yi faɗa ba, wannan ya fi ciwo. Ya matso da bakinsa jikin ƙofar ya ce a hankali, "Rabi'a, shekara biyu fa." Ki amsa da cewa komai yana tafiya bisa tsari, sannan ki zauna a kan babban akwati ki toshe bakinki da mayafi.

Mataki na 7: Ki jira a tashi daga coci

Lahadi ce, Filibus yana majami'a, wayarsa a kashe. Awa uku na yi a ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa. Ana miƙo min ruwan leda ta wani ɗan gibi a ƙasa, ina jin mata a waje suna ba duk mai wucewa labari tun daga farko.

Wajen biyu da rabi na ji babur. Aka ƙwanƙwasa sau biyu, cikin ladabi.

"Injiniya, barka da aiki. An ce ana nemana, amma ban san ko ke kin yarda a taɓa ba."

Ki yi shiru gwargwadon iyawarki. Ni na kai daƙiƙa goma.

"Oga Filibus, don Allah."

"Ban ji ba, ƙarfen da kauri."

"Na ce don girman Allah ka buɗe! A canza duka biyun!"

Ya cire kwat ɗinsa ya ba Yaya ya riƙe. Da jak ɗin mota, da doguwar sandar ƙarfe, da maza huɗu, ya mayar da ƙofar kan hanyarta cikin minti ashirin.

Mataki na 8: Ki fito kanki a sama

Ki shirya fuskarki, domin unguwa ce gaba ɗaya a tsaye. Gwaggo ta ture ni ta wuce wurin akwatuna tana duba ko gilashi ya karce su. Motar ba ta tafiyuwa, don haka aka tare napep uku aka loda lefe, mata suka cusa kansu a saman kaya. Sun isa Kwamba ana kiran la'asar, mahaifin amarya yana ɗaure jakarsa. Aka karɓa, aka sa rana.

Baba bai kalli mota ba. Filibus ya nuna masa rodin, wanda bayan ya fasa gilashi ya lume a kujerar direba, sannan ya nuna bencin da na tsaya a kai. Baba ya kama kaina da hannu biyu yana juya shi, yana duba kunnena kamar jaririya. Sai kawai ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa.

"Uwata, da ya same ki fa? Ni na ce masa ke injiniya ce."

Wannan matakin ba ni da wata dabara a kansa. Na zauna kusa da shi, na yi kukan da nake yi a go-sulo, a gaban kowa.

Sanarwa

Duk wadda ta bi matakan nan, ita da ƙashin bayanta, da gilashin motarsu, da gwaggonninta. Kada a kira ni shaida, kada a turo min hoto. Wadda kuma ta ji ƙofarsu ta fara kuka ta ga gara ta kira mai walda tun yau, wannan ragwancinta ne, babu hannuna. Ni dai har gobe ina nan kan bakana cewa lissafina daidai yake. Ƙarfen ne bai yi makaranta ba.