Ranar da Muka Ja Mato Sama da Igiya

Jama'a, a kwance nake wannan rubutu, rub da ciki a kan tabarma, matata Turai na goga mini man zafi a gadon baya tana mita. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin dattijo mai jikoki, mai rumfar goro a Agege, ya tsallake gari ya je bakin ruwa yana jan igiya kamar mai tsamo saniya daga rijiya ba. Na ce ba ni na kai kaina ba, rediyo ne ya kai ni. Ta ce, "To rediyon ya zo ya yi maka tausa, Baban Fareeda." Na ƙara lafewa, don hannunta na daidai inda ke ciwon.

Ga yadda aka yi. Ina da aboki, Mato, da muka sauka garin nan a mota ɗaya muna samari. Ni na kama goro, shi ya kama dako a kasuwar Mile 12. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, duk albasar da kuka ci a Legas da wuya a ce ba ta bi ta kan Mato ba. Yanzu wuya ya ƙi, gwiwa ta ƙi, ya ce zai koma gida gaba ɗaya. Ranar Alhamis zai bi motar shanun da za ta juya Arewa ba kaya. Shekaranjiya da hantsi ya zo rumfata ya zauna, na miƙa masa goro, ya riƙe bai ɓantara ba. Nan na san da magana.

Ya ce, "Sale, ka tuna Gidan Lilo?"

Wa zai manta? Yaran yanzu da suka san duniya ta cikin waya ba za su gane ba. A zamaninmu akwai wani lambun wasa a bakin ruwa, can gaba da Ijora, mai dogon suna na Turanci, mu kuwa muka raɗa masa Gidan Lilo muka huta. Kashegarin Sallah ba ka samun namiji mai lafiya a unguwa. Shatar moluwe, ƙatuwar bas ɗin nan, muke ɗauka tun daga Agege, 'yan Abule Egba su riga kowa kama kujera, a kwashi na Ogba su maƙale a ƙofa, kowa da sabon yadi yana ƙamshin turare. Ka shiga ka tarar da dawakan katako na zagaye da kiɗa, ga ɗan jirgin ƙasa mai usur, ga wasu motoci da ba su da aiki sai karo da juna, a yi karon a yi dariya, ba mai fitowa ya tuɓe riga. A can na fara shan askirim, na ɗauka haƙorana sun zube. Akwai ɗakin madubai da na shiga na ga kaina da tumbi kamar ɗan kwangila, na daɗe a tsaye ina roƙon Allah Ya tabbatar. Iska kuwa daga ruwa take tasowa ta ratsa har hammata. Wallahi ina kewar wurin nan, ba na ɓoyewa.

Sai uban tafiyar, lilon da kansa: wata ƙatuwar ƙafar keke ta ƙarfe a tsaye, da kujeru rataye a jiki, ta ɗauki mutum ta kai shi sama ta dawo da shi. A wancan lokaci ɗan ci-rani bai iso Legas ba sai ya aika gida da hotonsa a kan lilon nan. Shi ne shaidar cewa ya waye, kuma shi ake cusawa cikin wasiƙar budurwa.

Mato ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ni fa ban taɓa hawansa ba."

Na ce, "Kai Mato, ji tsoron Allah! Hoton da ke rataye a ɗakin Lami fa?" Lami matarsa ce, tana can ƙauye.

"A ƙasa aka ɗauke shi."

Bari in fayyace muku. Akwai wani mai hoto a wurin, mutum mai lura. Ya ga mutanenmu na bin layi da ƙarfin hali, amma da zarar an zo kansu sai su tuna ba su yi la'asar ba. Sai ya samo tsohuwar kujerar lilo guda ya girke a bayan rumfarsa, ya rataya zane a baya mai hoton gajimare da jirgin ruwa. Ka zauna, ka ƙanƙame ƙarfe, ka ɗan buɗe baki kamar iska na dukanka, ƙyas, an gama.

Mato ya ce, "Har rubuta mata na yi cewa na hango ƙarshen ruwa. Yau in jikoki suka shiga ɗakin sai ta nuna musu, ta ce kakanku bai san tsoro ba. Sale, shekara arba'in ina ɗaukar kayan mutane, ko albasa ɗaya ban taɓa sokewa ba. Ba zan iya zama gaban matar nan har in mutu hoton na kallona ba. Na ji a rediyo an gyara wurin. Ka raka ni in hau sau ɗaya kafin Alhamis."

Na yi masa faɗa sosai. Na ce abin kunya ne, namiji guda. Na ce ban taɓa zaton haka daga gare shi ba. Turai ba ta karanta wannan shafi, saboda haka ku rufa mini asiri: nawa hoton ma gajimarensa iri ɗaya ne da na Mato.

Labarin rediyon ni ma na ji shi. An ce Mai Girma Sarkin Almakashi ya farfaɗo da lambun, ya yanka ƙyallen buɗewa, an yi tafi. Na so in yi shakka, don a gabana wurin ya mutu, kuma ba rana ɗaya ya mutu ba. Ɗan jirgin ƙasa ne ya fara tsayawa, aka ce wani ƙarfensa na tafe a jirgin ruwa daga ƙasar waje. Ina jin jirgin na nan tafe, Allah Ya kawo shi lafiya. Daga nan dawakan katako suka fara wayar gari ba kai. Aka kafa kwamiti ya gano inda kawunan suka shiga, kwamitin ya je ƙasashe biyar ya ga yadda dawakan wasu ke riƙe da kawunansu, ya dawo a gajiye, aka kafa wani ya karɓi rahotonsa. Tun daga nan duk babban da ya hau sai ya farfaɗo da Gidan Lilo, ma'ana ya sa a sake wa ƙofa fenti. A gaskiya dole a yaba musu. Ban san wata ƙofa a duniya da ta samu kulawa irin wannan ba, fenti ya yi mata kauri har ba ta rufuwa.

Duk da haka jiya muka kama hanya, motar haya ta danfo har uku, direban ta ƙarshen ya ajiye mu tsakiyar tankokin mai ya ce mu ƙarasa da ƙafa. Mato ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Tun daga nesa muka hango ƙofar tana walƙiya, har na fara jin kunyar zargin da na yi wa manya.

Muna shiga kunyar ta sake ni. Filin dawakai ya zama tashar manyan motoci, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu suna shan inuwa. Wata baiwar Allah na suyar ƙosai a cikin taragon ɗan jirgin, kaji kuma sun rabe motocin karo, kowace da tata. Ruwan da muke taƙama da shi ko ƙyallinsa babu, katanga ce doguwa da kwantenoni. Lilon dai na nan tsaye. An yi masa fenti ta ɓangaren da ke kallon titi, shi ma iyakar inda tsani ya kai.

Mai gadin wurin, wani magidanci mai suna Talle, ya taso ya gaishe mu. Na ce mun zo hawa lilo ne, a kunna inji.

Ya ce, "Inji? Baba, ai injin ya tafi gyara tun ban yi aure ba."

"To ranar buɗewa fa? A talabijin na gan shi yana juyawa da idona."

"'Yan dako aka kwaso, mutum goma sha biyu, aka ɓoye su bayan tamfol da igiya. Suka ja har masu ɗaukar hoto suka tafi."

Na ce, "Shi Mai Girman ya yarda ya hau abin da ake ja da igiya?"

Talle ya yi dariya har da riƙe ciki, ya yafito mu zuwa bayan ɗakinsa. Ga kujerar lilo guda a girke a ƙasa, an shimfiɗa mata jan kilishi, ga ƙaton ƙyalle a naɗe a gefe. Ya warware mana shi: gajimare ne da jirgin ruwa. Ashe sana'ar mai hoton nan ba ta mutu ba, gaba ta ci, har ta samu shiga ofis.

Ni dariya ta kama ni, amma da na waiga sai ta tsaya. Mato ya yi tsuru-tsuru, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Shi ke nan, Sale, mu tafi. Allah bai nufa ba." Ya juya yana jan ƙafa cikin farar rigarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin nan bai taɓa neman komai a wurin garin nan ba, bai nemi gida ba, bai nemi fansho ba, juyi ɗaya tak ya nema a kan ƙarfen da aka rantse a rediyo cewa yana juyawa.

Na ce da Talle, "Igiyar nan tana nan?"

"Tana nan, Baba. Ba wanda ya ga amfanin saceta."

Mutum biyu ba sa jan lilo, sai na je na tashi direbobin, na zayyana musu komai, Mato na hararata. Suka kwashe da dariya. Wani mai furfura a gemu, Murtala, ya fi kowa ƙyaƙyatawa, yana cewa, "Ai babana ma yana da hoton lilon nan a Funtuwa, shi kam da gaske ya hau, ga jirgin ruwa a bayansa..." Ya tsaya yana kallon ƙyallen da Talle ya shanya. Can ya tuɓe riga ya ce, "Ku tashi mu ɗaga tsohon nan."

Mu bakwai muka kama. Aka zuba baƙin mai a gindin ƙarfen, aka ɗaure Mato a kujera da rawanin wani, ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Muka ja. Ƙarfen ya yi wata ƙara da ta kori kajin daga motocinsu. Muka sake ja, mai ƙosai ta bar kaskonta tana yi mana kirari da Yarabanci. A ja na huɗu ne na ji wani abu ya ce ƙas a bayana, amma ban saki ba. Sannu a hankali farar rigar ta yi sama, ta wuce iyakar fenti, ta kai ƙololuwa. Murtala ya ɗaure igiyar a jikin motarsa, muka zube ƙasa muna haki.

Shiru, shiru. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa iyalinsa. Sai muka ji muryarsa daga sama, don Mato in yana waya ihu yake kamar mai kiran wani a hayin kogi.

"Lami! Kina ji na? Ina kan lilo! Na gaske! Ki saurara, akwai maganar da zan gaya miki. Hoton nan na ɗakinki, ƙarya ne. A ƙasa nake zaune. Tsoro na ji, Lami. Ki yafe mini."

Daga nan ba mu ƙara jin komai ba, sai muka hango shi yana goge ido da hula, kafaɗunsa na rawa. Ko kuka ne ko dariya, daga ƙasa ba a ganewa.

Da muka sauko da shi muka zaunar da shi a kan jan kilishin Mai Girma. Na ce, "Ka ga ruwan?"

Ya ce, "Na gan shi. Sun cike bakinsa da yashi sun yi dogayen gidaje, sun tura shi can baya. Ɗan siriri ya rage tsakanin bene biyu. Amma na gan shi da idona, Sale."

"Lami fa, me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Cewa ta yi ta sani tun ranar da wasiƙar ta iso. Wai da zan shiga kujerar na tuɓe takalmana, kamar mai shiga ɗakin surukai. Suna nan a hoton, a jere, a gefen gajimare. Ta ce, 'Malam, wa ya taɓa ajiye takalmi a sama?' Shekara arba'in tana share hoton nan da gefen zane, ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ta ce in taho gida kawai, ta gaji da zama da hoto."

Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Murtala ma juya baya ya yi, wai yana kwance igiya.

To ranku ya daɗe, Sarkin Almakashi da sauran masu farfaɗo mana da abubuwa, ga ɗan saƙo daga mai goro. Ku ci gaba da zama a kujerarku ta ƙasa, gajimaren na yi muku kyau. Sai dai ku sani mun daɗe muna ganin takalman. Ita Lami ƙauna ce ta rufe mata baki. Mu kam ban san abin da ya rufe namu ba, amma kada ku ɗauka ƙauna ce.