Almakashin Alice

"Lafiya lau, amarya. Ina gajiyar kasuwa? Ko da yake wadda ta fita tun hantsi ta dawo da leda ɗaya tal, ban ga gajiyar da za a tambaye ta ba."

"Ba gajiya, maigida. Kai fa, ina zuwa da kwat da takalmi yana sheƙi? Wata ka samu a bayan idona?"

Ina zaune a kan benci lokacin da aka soma wannan gaisuwa. Gideon abokina ne tun muna yara a makarantar mishan. Tun da mutanen daji suka tashi ƙauyenmu da ke bayan Randagi, gida ɗaya muke haya a cikin Birnin Gwari, ƙofarsa tana kallon tawa. Peculiar jikarsa ce, ita ke zaune da shi tana yi masa girki. Tun tana rarrafe yake kiranta amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa bar masa magana ta faɗi ƙasa ba.

Damina ta ja baya, sanyin asuba ya fara tayar masa da tari. Shi ne ta ce za ta ɗinka masa bargon ƙyallaye irin wanda kakarta Alice, matar Gideon, takan yi: a haɗa ƙananan ƙyallaye su zama fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, a bi duka da allura. Alice ta rasu kafin mu taso, kabarinta yana can bayan coci. Ni na san abin da kwat ɗin nan yake nufi. Gideon ya yi magana da Bakoji ɗan acaɓa ya kai shi ƙauye, hanyar da ko samari sun daina bi. Na yi ta hana shi, bai ji ba. Ƙunshinsa ma yana ɗaure a ƙarƙashin kujera.

"Zazzage mu gani," in ji shi. "Kafin in fita in san irin ɓarnar da aka shigo mini da ita gida."

Ta zazzage ledar a kan tabarma. Ya ɗauki almakashi da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera.

"Wannan na yanka atamfa ne ko na yanke wa jarirai farce?"

"Mai shago ya ce daga ƙasar waje aka kawo shi."

"Na ga alama. In ya ga atamfa zai nemi hanyar komawa garinsu. Hannun roba. Na Alice baƙin ƙarfe ne tun daga kai har ƙafa, in kika ɗaga kin san kin ɗaga abu. In tana yanka a tsakar gida, ina cikin aji ina koyarwa ina jin ƙararsa."

"Da wannan kunnen? Wanda sai na kira sau uku kafin ya juyo, in ba cewa aka yi tuwo ya sauka ba?"

"A lokacin kunnena yana jin tafiyar tururuwa a kan yashi. Tambayi Tomas."

"Baba Tomas ba zai yi ƙarya saboda kai ba, dattijon coci ne."

Na ce ba ruwana, ni baƙo ne a kan benci.

"Kuma almakashin nan bai taɓa taɓa takarda ba," in ji Gideon. "Ta ce takarda tana kashe masa baki. Sau ɗaya na ɗauka na yanke takardun jarrabawa. Har Lahadi ta zagayo tuwo nake ci ba man shanu."

"Ta yi maka sauƙi. Da ni ce ko miya ba za ka gani ba."

Ya ajiye almakashi ya ɗauki ƙunshin allurai, ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama yana kanne ido.

"An cuce ki. Wannan ba ta da ƙofa."

"Tana da ita. Masu ido ake yi wa."

"Ni da nake zura wa Alice zare da magariba ba fitila?"

"Kai da jiya ka zuba gishiri a shayi, ka ce sukarin bana ba shi da kirki."

"Gwada ki nake yi, in ga ko kina lura da mijinki. Ina kakin zuma?"

"Na me?"

"Ka ji, Tomas? Za ta yi bargo, ba ta san ana jan zare a kan kakin zuma ba. Shi ke hana shi harɗewa, shi ke sa ya ratsa auduga sumul."

"Na sani. Na zaga kasuwa ban samu ba, shi ne na sayo kyandir."

"Kyandir. Bargo za ki ɗinka mini ko addu'ar dare za mu yi? Mainasara ne yake kawo mata kaki daga amyoyinsa na bakin daji. Bargonta yakan shekara yana ƙamshin zuma. In na rufa, ƙudan zuma har bakin taga suke zuwa gaishe ni."

"Ba gaisuwa ba ce, kayansu suka biyo."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya taɓa alli, ya taɓa fil, ya ɗaga rular katako ya kalli tsawonta da ido ɗaya, ya ce ita kaɗai ce mai mutunci a cikin taron. Sannan ya ja wani siririn soso fari da ta naɗe.

"Wannan kuma fa?"

"Na tsakiya ne. Shi ake sawa yanzu."

"Kujerar mota kika mai da ni? Audugar gonata take sawa. Ta gurje ta da hannunta, ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar gajimare. Ita auduga tana numfashi tare da mutum. Wannan in na rufa da shi, da safe sai dai ki same ni na dahu."

"Ai da na huta da cefane."

"Waɗannan ƙyallayen daga ina?"

"Wurin tela. Ragowar ɗinkin mutane ne, ya tara mini."

"Kin wanke su? Sabon yadi sai an wanke kafin a yanka. In ba haka ba, ranar wankin farko wannan ya tsuke, wancan ya zuba, bargo ya karkace kamar bakin mai kuka. Kuma ragowar rigunan mutanen da ban sani ba. In rufa da rigar wani, in kwana ina mafarkin matarsa."

"Gara haka, ka bar ni in yi barci."

Ya kakkaɓe hannu, ya gyara wuyan kwat.

"To, kin gani da idonki. Kayan aiki babu. Shi ya sa zan je in ɗauko gwangwaninta. Almakashi yana ciki, da alluranta, da hular ƙarfen da take sa wa yatsa, da sauran kaki. Kafin la'asar na dawo."

Peculiar ba ta ɗago ba. Tana jera fil a gefen tabarma ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗanda suka leƙa sun ce ko kwanon rufi ba a bari ba."

"Ba su san inda take ajiye shi ba. Ni na sani."

"Bakoji ya ce a bakin rafi yake tsayawa, ba ya hayewa."

"Sai in taka sauran."

"Da gwiwar nan mai kuka kamar ƙofar tsohon coci? Tun kana bakin rafi za su ji ka."

"In sun gan ni su za su gudu. Ni ne na kori kura daga garken makaranta da rula."

"Bara kare ne. Bana ya zama kura. In suka ɗauke ka ma, kwana ɗaya za su dawo da kai. Za ka tsaya gyara musu zama, ka ce su ɗaga hannu kafin su yi magana."

"Kin ga ke nan ba abin tsoro."

"Akwai. Wa zai aure ni? Na riga na tsufa a gidanka."

Ta faɗi haka tana dariya, amma hannunta ya kai ƙarƙashin kujera, ta jawo ƙunshin. An ɗaure shi da wani tsohon zane shuɗi wanda wanki ya cinye launinsa. Na san zanen. Ankon zumuntar mata ne na Alice, da shi Gideon ya ɗaure Littafi Mai Tsarki da tabarau ranar da muka fito, kuma shi kaɗai ne abinta da ya tsira. Peculiar ta lalubi ƙunshin daga waje, sai ga ƙotar wata 'yar fartanya ta leƙo.

"Maigida, da fartanya ake ɗauko almakashi?"

Ya dubi ƙotar. Ya cire tabarau ya goge da bakin kwat, ya mayar.

"Damina nawa ke nan ba wanda ya cire mata ciyawa," in ji shi. "Matar da ko tsinke ba ta bari a tsakar gida. Mangwaron nan na bayan coci yana zubar da ganye a kanta, ba mai sharewa."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Iyayena ma suna kwance a ƙarƙashin wannan mangwaron.

Daga waje aka ji ƙarar babur, Bakoji ya danna oda. Gideon ya dafa gwiwa zai tashi. Peculiar ba ta riƙe shi ba, ba ta kuma ce kada ya je ba. Ta jawo wani kwalin sabulu, ta ɗauki almakashinta, ta shiga yanka da ka, ba awo ba zane. Ta ɗaga abin da ta yanko.

"Kafin ka tafi, duba mini. Wannan ne ma'aunin da zan ɗora a kan kowane ƙyalle."

Ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune.

"Mene ne wannan?"

"Murabba'i."

"Wannan kunnen akuya ne. Gefen nan ya fi wancan da faɗin yatsa. In kika yanka ƙyallaye a kansa, ko kusurwa biyu ba za su haɗu ba. Kuma kin yanka kwali da almakashin yadi a gabana."

"Iyakar iyawata ke nan. Kaka Alice ma ba ta iya ba."

"Kul. Kada ki taɓa mini mata."

"Ina ƙarama ina gani. Kai kake zama a bakin rumbu da rula da fensir a bayan kunne, ka zana mata kwali, ka yanke da reza, ka miƙa mata. Ita ta yi ta yi maka tsiya wai ka cika jinkiri. Ko ƙarya na yi, Baba Tomas?"

Wannan karon na ce gaskiya ta faɗa.

"To ka gani, Kaka," in ji ta. Ba kasafai take kiransa haka ba. "Almakashi in bai yi ba akwai wani a kasuwa. Zare akwai, allura akwai. Mai zana kwali ɗaya ne ya rage mana, shi ma ga shi ya sa kwat."

Bakoji ya sake danna oda. Gideon ya koma ya zauna sosai, ya karɓi kunnen akuyar yana juya shi a hannu.

"Ko ta inda ake farawa ba ki sani ba," in ji shi.

"Daga gefe mana."

"Daga tsakiya. A fara da ƙyalle ɗaya, sauran su yi ta kewaye shi har bargo ya kai girmansa. Kuma na tsakiyar ba sabon yadi ba ne. Tsohon zanen gida take sawa, wanda jiki ya saba da shi, don shi ke kwanciya a kan ƙirjin mutum."

"Mu da muka fito da kayan jikinmu, ina za mu sami tsohon zanen gida?"

Tana rufe baki, ita ma ta ga inda idonsa ya sauka. Ya ɗauki ƙunshin ya ɗora a cinya. Ƙullin ya yi tauri, ya daɗe yana fama da shi, ba wanda ya taimaka masa a cikinmu. Da ya kwance, ya ajiye fartanya a ƙasa, ya kakkaɓe zanen, ya ninke shi gida huɗu yadda Alice take ninkewa, ya miƙa.

"Ungo. Kin ci, mayya. Amma ni zan zana, ni zan nuna inda za a sa almakashi. Akwai wurin da tartsatsin murhu ya ƙona, a nan gefe. Kada ki yar da shi, a tsakiya nake son sa."

Ta karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Na gode, maigida. Ashe dai kana kyauta. Na ɗauka sai surutu."

"Tomas, don Allah leƙa ka ce wa Bakoji ya yi tafiyarsa. Ka ce amarya ta hana ni fita."

Na je na sallami Bakoji, wanda ya yi ajiyar zuciya ya juya babur da sauri. Da na dawo na tarar Gideon ya cire kwat, ya sa fensir a bayan kunne, rula tana kan kwali. Fartanyar kuwa bai mayar da ita cikin akwati ba. Ya rataye ta a ƙusa a bayan ƙofa, inda hannu zai kai ranar da hanya ta buɗe.

"Kakin zuma fa?" in ji Peculiar. "Mu jira Mainasara?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Miƙo kyandir ɗin," in ji shi.