Ranar da Hajiya Asabe ta cire maganin da na saka wa kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a ofishin ƙungiyar manoma da nake wa aiki a Gusau. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin kowa a ofis Injiniya yake ce mini. Ban taɓa shiga ajin injiniya ba, kwas na wata uku na yi a wani shago a Sabon Gari, amma tun ranar da na tayar da firintar ofis (waya ce ta zare, na mayar) sunan ya bi ni, ni kuma ban musa ba. Har tafiyata ta canza.

Wata rana ina lilo a intanet, sai wani jan rubutu ya faɗo a allo, wai kwamfutata cike take da bairos, in sauke wata manhaja kyauta ta wanke ta. Na sauke. Kullum sai ta nuna tana bincike, ta ce ta kama mugayen abubuwa, ni kuma in gyaɗa kai. Don tsabar kirki sai na kwafe ta a filash, na saka a babbar kwamfutar ofis, na hau mota na je reshenmu na Tsafe da na Bungudu na saka musu. A Bungudu har fura aka dama mini ta godiya.

Larabar da nake faɗi, ranar tantance sunayen manoman da za a ba irin shuka ce. An yi ruwan farko, kowa hankalinsa na gona, kuma motar iri ba za ta tashi ba sai an buga takardar sunaye an sa hannu. Wakilai sun zo daga Mada, Rawayya da Tsafe, dattawa da manyan riguna sun cika ɗakin taro. Ni na haɗa majigi don kowa ya ga sunayen ƙauyensu a bango.

Na danna fayil ɗin. Bai buɗe ba. Sai manhajar tawa ta rufe bango gaba ɗaya da ja, tana ƙara kamar motar asibiti, wai ba za a buɗe komai ba sai an sa lambar katin banki. Na rufe, ta dawo. Na kashe kwamfutar na kunna, ta riga ni tashi.

Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya leƙo ta saman tabarau. "Injiniya, lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Mai gadin kwamfutar ne yake aikinsa." (Ku ji fa, har a nan ina kare ta.)

Rabin awa ina danne-danne, gumi ya jiƙa mini hula. Wani dattijo daga Rawayya ya ce a hankali, in ba a samu irin ba a satin nan, gara su koma su shuka tsohon da ke rumbu. Ni kuwa na san shekarar mutane ce a cikin fayil ɗin nan.

A kusurwar ɗakin akwai Hajiya Asabe, mai buga mana takardu. Ta yi ritaya daga aikin gwamnati, tun zamanin tafireta take bugu, kuma ni a raina na ajiye ta a zamanin. Na taɓa yi mata bayanin yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, ta saurare ni har ƙarshe. Ita ce ta taso, ta ciro wani tsohon littafin rubutu daga jakarta.

"Ɗana, matsa in gani. Wanga abu ba mai gadi ba ne, shi ne ɓarawon."

Ta zare wayar intanet. Ta kashe kwamfutar, ta tayar da ita ta wata hanya da ba ta barin komai ya tashi sai abin da ya zama dole. Jan allon bai fito ba. Ta buɗe jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, ta bi da yatsa tana duba littafinta, ta kashe wani mai suna kamar an watsa haruffa. Daga nan ta bi sawunsa har foldar da ya ɓuya, ta goge, ta koma burauza, manhajar shiga intanet, ta cire wani abu da ya maƙala a can. Duk wannan a bango, kowa na kallo, ni ina tsaye ina cewa "Yauwa, haka ne," kamar ni na aike ta.

Sai ta ce, "Saura mu ga ta ina ya shigo."

Ta buɗe inda aka ajiye asalin manhajar. Ga folda nan a bango, da manyan haruffa, da sunan da ni na raɗa mata da hannuna: KARIYA DAGA INJINIYA.

Malam Sani, sakataren reshen Tsafe, mutumin kirki wanda bai san mugunta ba, ya ce, "Ai irin wanda ya kawo muna ne. Har mun gode mishi."

Na rasa inda zan sa idona, sai na ƙura shi a kan silifas ɗin Alhaji. Wani ya fara dariya ƙasa-ƙasa, ta bazu. Na buɗe baki in ce wani abu game da 'yan damfarar intanet, sai na ji kaina na ce, "Ni ne. Ban sani ba."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta goge foldar, ta kunna kwamfutar yadda aka saba, sunaye suka fito ba wanda ya ɓata. Firinta ta fara aiki, dattawa suka yi hamdala, kafin la'asar motar iri ta tashi.

Da aka watse na je na tsuguna gefen teburinta. Ta ce ita ma irin wannan ya taɓa cinye mata aikin wata guda, shi ya sa ta zauna kusa da mai gyara kwana biyu tana rubuta duk abin da ya taɓa. Ta miƙo mini littafin. "Kwafe shi da hannunka. Gobe ka tahi Tsafe da Bungudu, inda ka saka nan za ka cire."

Na je. A Tsafe na yi kuskure sau biyu, na kira ta a waya, ta bi da ni layi-layi. A Bungudu ni kaɗai na yi, kuma wannan ne aikin kwamfuta na farko da na yi ina sanin abin da nake yi. Yanzu duk Asabar ni da ita muna koya wa sakatarorin rassa, ita tana bayani, ni ina ba da labarin abin da bai kamata a yi ba.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya faɗo maka ba ka kira shi ba, yana ihun zai cece ka, ka fara bincikarsa tukuna. Ko manhaja ce, ko mutum ne da filash a aljihu.