Laifin Albarushi Ne

Ni mutum ne mai mantuwa, lambar wayar matata ma sai na duba, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a bakin fadamar Danchadi ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin, wallahi ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, manomin albasa ne kuma maharbi. Yana da wata adaka, irin bindigar nan ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwana kowa ya nuna abin da yake so, ni kuwa na ce a bar mini bindigar. Ban taɓa harba ta ba ko sau ɗaya. Tun ina ƙarami boko ya ɗauke ni, yanzu haka malamin lissafi ne ni a wata makaranta a Bodinga. Amma a ɗakin Baba babu abin da ke da ƙanshinsa kamar wannan bindiga, gindinta har ya yi santsi a inda yake ɗora kuncinsa. Na ƙudura a raina ba za ta bar gidanmu ba.

Sai Baffa ya kira ni. Baffa ƙanin Baba ne, shi ne kuma Sarkin Bakan yankinmu, wato shugaban maharba, kuma sai ya tsaya wa mutum kafin a ba shi takardar riƙe bindiga. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni sama da ƙasa, har da alli a gefen rigata.

"Ɗana, gado naka na, ba mai ja da kai," in ji shi. "Amma adaka ba carbi ta ba, da za a rataye ga ƙusa. Ka tai ka koyo. In anka gama sussuka ka zo ka halba gabanmu. In ka iya, taka ta. In ba ka iya ba, Shehu shi riƙe ta."

Shehu ɗan gwaggonmu ne, maharbi na gaske, mutumin kirki kuma, wanda hakan ya fi komai ba ni haushi, don ban sami abin da zan zarge shi da shi ba. Na ce wa Baffa na ji na yarda. A zuciyata kuwa dariya nake yi. Mutumin da ke koya wa yara yadda ake auna kusurwa, harbin murfin tukunya ne zai gagare shi?

Ranar farko na tafi bayan gonarmu, inda akwai wani tudun jar ƙasa da babu mai bi ta bayansa. Na rataye tsohon murfin tukunya a jikin kara, na ƙirga taki talatin na tsaya. Na ɗura ta yadda nake ganin Baba yana yi, sai dai na ɗan ƙara hannu wajen albarushi (wai don ta san ta yi sabon maigida). Na ɗana, na saita, na ja kunama.

Jama'a, ta san ta yi sabon maigida, ni ma na san na yi sabuwar uwargida. Gindinta ya daki kafaɗata da kuncina lokaci guda, kunnena ya ɗauki ƙara, hulata ta tafi nata wuri. Kwana huɗu ina rubutu a allo da hannun hagu, ina gaya wa malamai 'yan'uwana wai kwanciya ce na yi ba daidai ba. Murfin tukunya kuwa ko motsi bai yi ba.

Wani da ya sha wannan sai ya je ya nemi wanda ya sani. Ni littafi na saya. Na ja layuka, na rubuta rana, da yawan albarushi, da irin dalma, da inda harbi ya sauka. Na ce ai matsala ce kawai, kuma kowace matsala tana da amsa idan aka bi ta daki-daki.

Da albarushi na fara. Na ce wanda Baba ya bari a cikin ƙahonsa ya sha sanyin damina, na sayo sabo. Harbi ya tafi hagu. Na ce to awo ne, don Baba da tafin hannu yake aunawa, ni kuwa ba zan yi aikin ƙiyasi ba. Na aro ɗan ma'auni irin na ɗakin gwaji, na zauna ina auna albarushi ina ƙulla shi ƙulli-ƙulli daidai wa daida, kamar mai sayar da yaji. Harbi ya koma dama. Na ce ashe dalmar ce. Na juye duk abin da ke cikin jakar Baba a kan farantin tangaran na matata Luba, ina gangaro da su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta tafi miƙe in ajiye, wadda ta yi ɗingishi in ware. Harbi ya daki ƙasa tun kafin ya kai rabin hanya.

Daga nan na koma kan tsumman da ake dannawa a kai. Na ce nawa ya yi kauri, na shiga ɗakin Luba na sami wani tsohon zane mai laushi na yayyanka shi ƙanana-ƙanana da almakashi. (Ashe ba tsoho ba ne. Laushin nasa na tsada ne. Wannan wani labari ne daban, kuma har yau ba a rufe shi ba.)

Wata rana Luba ta kawo mini abinci gona ta tarar ina fama. Ta tsaya daga nesa ta toshe kunnuwa, ta ga harbi biyu. Da muka zauna ta ce, "Malam, in hwaɗi wani abu da nig gani?"

"Game da bindiga?"

"Game da kai dai."

Na ce, "Luba, don Allah ki bar wannan magana, ba tuwo ake tuƙawa ba." Ta ce to, ta tattara kwanukanta. Har ta kai bakin hanya na ga kafaɗunta suna rawa, na ɗauka tari take yi.

Da albarushi da dalma da tsumma duk suka fita daga zargi, sai na yanke hukunci cewa bindigar ce ta tsufa. Na naɗe ta a buhu, na ɗaure a babur, sai Shagari, wurin Ummaru maƙeri, wanda shi ne yake duba wa Baba ita tun da can. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya yi wa Baba addu'a, ya kwance bututun ya ɗaga shi sama ya leƙa ta cikinsa. Ya juya, ya sake leƙawa.

"Malam, bindigar ga lahiyarta lau."

"A karkace take," na ce, na buɗe masa littafina. "Duba nan. Hagu, hagu, dama, ƙasa, sama, hagu."

Ya daɗe yana kallon shafin. "To Malam, in ƙarhe ya karkace, wuri guda shika karkata. Wagga kau ko'ina taka zuwa."

Maganar nan da na saurare ta da ta cece ni. Amma ina! Na nace sai ya ɗan matsa mini ɗan ƙarfen saiti na bakin bindigar. Ya matsa, yana girgiza kai. Bayan mako ɗaya na koma na ce ya mayar da shi inda yake. Mafi muni, duk inda na zauna, a majalisa ko a ɗakin malamai, sai in ce ai adakar Baba ta gama yayi, Baba ma dai sa'a ce kawai take taimakonsa da ita. Wannan magana ta isa kunnen Baffa, ni ban sani ba.

Aka gama sussuka, ranar ta zo. Na yi wanka na sa farin yadi, don na ƙudura ko ta halin ƙaƙa sai na dawo gida da bindigar nan. Na tarar da maharba kusan goma sha biyar a inuwar wani mangwaro, ga masu ban-ruwan albasa sun bar aikinsu sun matso, ga Shehu a gefe ya sunkuyar da kai. An rataye murfi a gaban tudu. Inda zan tsaya kuwa bakin wani fangalin albasa ne da aka cika da ruwa da safen nan.

Kafin a ce komai na fito da ƙulle-ƙullena da littafina, na fara bayani. Na yi musu lacca a kan danshi, da nauyin dalma, da iska. Na ce idan an ga kuskure yau, to a sani kayan aiki ne. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah, boko ta yi rana." Na ji daɗi, ban gane ba'a yake yi ba.

Baffa ya miƙo hannu. "Kawo ta nan. Tunda awonka bai yi ba, bari mu ga hannun tsoho."

Na miƙa masa ita tare da ƙullin albarushi ɗaya da dalma da tsumma. Ya juya mana baya ya tsuguna. Muna jin ƙarar ƙarfen ɗuri yana shiga yana fita, ƙwas, ƙwas, ya daɗe yana dannawa. Na ce a raina yau tsohon nan zai cika ta har wuya. Kafaɗata ta fara tuna ranar farko. Ya miƙe, ya ɗana da kansa, ya miƙo mini. "Ungo."

Na ɗora ta a kafaɗa. Na yi bismilla. Na sa murfin a saiti, wuri ya yi tsit, na ja kunama.

Abin da na sani shi ne na tsinci kaina zaune daɓas a cikin fangalin albasa, ruwa har ƙugu, ƙafa ɗaya a sama, bakin bindiga yana kallon gajimare. Idanuna a runtse gam. Kuma tun ban buɗe su ba na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kun gani ko! Albarushin ya yi yawa! Ai na faɗa, laifin albarushi ne!"

Shiru. Na buɗe ido ɗaya. Babu hayaƙi. Babu warin albarushi. Kurciyoyin da ke kan mangwaro ko tashi ba su yi ba. Sai a lokacin kunnena ya maimaita mini abin da ya ji, ɗan ƙas kawai, kamar an karya tsinke.

Baffa ya buɗe tafin hannunsa. Ga ƙullin albarushina, ga dalmata, ga guntun zanen Luba, duk suna nan yadda na ba shi.

"Wane albarushi, Malam?" in ji shi. "Ba komi cikinta."

Wayyo Allah. Dariyar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta har Lambara. Wani mai ban-ruwa ya faɗi yana dukan ƙasa. Tsohon nan ya miƙe yana kwaikwayona, ya runtse ido, ya yamutse fuska, ya kawar da kai gefe, ya yi tsalle da baya. Aka ce ya sake, ya sake. Ashe haka nake yi duk harbi, wata uku cur, tun kafin kunama ta sauka na riga na gudu na bar bindigar ita kaɗai. Shehu ne kawai bai yi dariya ba, shi ya zo ya kama hannuna ya fitar da ni daga taɓo, ina ɗigar ruwa, farin yadi ya koma kalar kunun kanwa.

Baffa ya jira har aka lafa. Ya karɓi bindigar ya share mata laka da hannun rigarsa, a hankali, bai ko dube ni ba.

"Tsoro ba abin kunya na ba, duk mun ji shi," ya ce. "Abin da yac ci min rai, ka bi gari kana hwaɗin yayana sa'a a gare shi. Shekara talatin yana ciyad da ku da wagga bindiga. Ido buɗe shika halbi."

Wannan ta fi faɗuwar zafi. Na ce "Allah ya huci zuciyarka, Baffa," hawaye na neman tona mini asiri a gaban mutane. Ya miƙa wa Shehu bindigar. Na hau babur da jiƙaƙƙen wando na koma gida hannu rabbana. Luba ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗora ruwan wanka.

Washegari da sassafe na koma gidan Baffa na durƙusa, na ce ban haƙura ba. Ya ce ya ba ni zuwa sussukar baɗi, da sharaɗi ɗaya: ba zan ƙara taɓa albarushi ba sai ya ce. Yanzu duk Asabar Shehu yana kawo adakar zauren Baffa, a miƙo mini ita babu komai a ciki, a ɗora ɗan tsakuwa a kan bututun, in yi ta jan kunama, ƙas, ƙas, Baffa na zaune gefe yana kallon fuskata. In tsakuwar ta faɗi a sake daga farko.

Abin da na koya dai shi ne, idan ka canja albarushi, ka canja dalma, ka wahalar da maƙeri, ka yanka zanen matarka, abu bai gyaru ba, to ka nemi wanda zai tsaya ya kalle ka, kuma in ya ce zai faɗi abin da ya gani ka bar shi ya faɗa. Bindigar Baba kuwa sai ta dawo gidanmu, in sha Allahu. Makon jiya ma Baffa ya ce an sami ci gaba, yanzu ina barin ido ɗaya a buɗe. Saura kawai in koyi barin wanda ake saiti da shi a buɗe.